Tambayi Kyaftin: Na samu aiki a jirgin fasinja, wane hedset zan saya?

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Tambayoyin da suka taru wannan karon kusan rabi duk akan abu ɗaya ne, hedset, abin nan da matuƙi ke ɗorawa a kai mai makirfo a gaban baki, wanda da shi yake jin hasumiya kuma da shi yake amsa mata. Shi ne na ce bari in haɗa su waje ɗaya in huta. Masu tambaya kan lasisi ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

Tambaya: Salam Kyaftin, Allah ya ƙara girma. Ni ɗalibinka ne daga nesa, na gama makarantar tuƙi kuma cikin ikon Allah wani kamfani ya ɗaukeni mataimakin matuƙi, nan da wata biyu zan fara horo akan jet. Tun ina makaranta da koren hedset ɗin nan na kamfanin David Clark nake aiki, yanzu abokai kowa cewa yake in ajiye shi in sayi Bose A30 wai daga shi babu wani, kuɗin kuma wallahi ba kaɗan bane. In saya tun yanzu ko in jira? Daga wani sabon matuƙi.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa albarka ya tsare hanya. Amsar a taƙaice ka jira, kar ka riga malam masallaci. Kaga a duk wasiƙarka baka gaya min wane jirgi za su baka ba, "jet" kawai ka ce, alhali nan ne duk maganar take. Hedset ba kai kaɗai ke zaɓarsa ba, jirgin na da baki a ciki, kamfanin ma na da baki, kai ne na ukunsu.

Fara da filogi, don shi ne ya fi jawo wa sababbi asara. Koren naka filogi biyu gare shi, mai kauri na kunne da ɗan siririn na makirfo, kuma Boeing 737 da yawa haka ramukansu suke, to in can aka kaika zai shiga. Amma jiragen Airbus yawanci rami ɗaya ne, XLR mai haƙori 5, a wasu jiragen ma ta nan hedset ɗin ke jan wuta ba sai ka sa batir ba. Akwai kuma LEMO mai haƙori 6, akwai U-174 na jirage masu saukar ungulu. Kuma ko cikin jirage iri ɗaya zakaga bambanci tunda kamfani ne ke zaɓar abin da za a sa masa lokacin da yake odar jirgin. Ni da kaina na taɓa sayen kifi a ruwa, na kashe kuɗi akan mai filogi biyu ina ta murna, sati uku tsakani aka maida ni wani jirgin, ranar farko na zauna riƙe da wayoyi biyu ina kallon rami ɗaya, kyaftin ɗin da nake tare da shi bai ce komai ba ya miƙo min na kamfani. Eh ana samun adafta, kuma su Bose ana iya canza musu wayar gaba ɗaya, amma adafta ƙarin mahaɗa ce da wata rana za ta fara ƙarƙar-ƙarƙar a daidai lokacin da ake baka izinin sauka.

Sai maganar ƙara, wadda abokanka basu lissafa ba. Ƙaramin jirgin da ka koya a ciki injinsa na gaban hancinka, ƙararsa mai kauri ce, dum-dum-dum, shi ya sa kake buƙatar abu mai matse kai ya rufe kunne ruf. A jet injina suna can baya ƙarƙashin fiffike, abin da kake ji a gaba yawanci iska ce ke dukan gilashi, shuuuu, sai fankokin da ke sanyaya na'urori. Kuma jet ma suna suka tara. 737 kowa ya san gabanta da hayaniya musamman in aka ƙara gudu, don siffar hancin nata tun daga kan 707 aka gado ta, A320 ta fi ta shiru, manya irin su 787 da A350 kuma sun fi duka. A30 hedset ne mai kyau, ban ƙi ba, a 2023 ya fito ya gaji A20 wanda ke kasuwa tun 2010, amma nauyinsa ya ɗan haura giram 400, shi kuwa ProFlight Series 2 na kamfanin dai, wanda don matuƙan jet aka yi shi, giram 128 ne. A jirgi mai hayaniya babban zai biya ka, a jirgi mai shiru kuwa kana iya samun kanka kana dakon kaya a ka awa takwas ba gaira ba dalili.

Akwai wani abu kuma da ba a faɗa a makaranta, intakom. A wasu jiragen kana kunna shi yana zama a kunne, ku biyu kuna jin juna ta hedset ba sai kun danna komai ba. A wasu tsofaffin kuwa sai ka riƙe maɓallin, shi ya sa zakaga matuƙa sun zame kunne ɗaya suna magana baki da baki, wasu har da ɗaure maɓallin da roba. To ka ɗauka ka sayi mai toshe kunne ruf, kyaftin ɗinka kuma ɗan da ne, baya son intakom, yana ta magana kana "na'am? na'am?", wallahi kafin ku sauka ya tsane ka.

Don haka ka je horon da korenka ko ma hannu rabbana, jiragen fasinja suna da nasu hedset a rataye. Ka yi wata biyu zuwa uku kana tashi, ka karanta abin da littafin aikin kamfani ya ce, ka ari na abokan aiki ka gwada na tafiya guda cikakkiya ba minti biyar ba. Koren kuma kar ka yar, wannan abin baya mutuwa.

Tambaya: Kyaftin wai menene TSO ɗin nan da ake ta faɗa? Ina da hedfon na jin waƙa mai kashe ƙara sosai, an ce akwai makirfon da ake saye a maƙala masa ya zama na jirgi, kuma ya fi araha nesa ba kusa ba. Daga wani mataimakin matuƙi.

Amsa: Ɗan'uwa TSO tambari ne na hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, da ke nuna an gwada kaya ya cika ƙa'idar da aka gindaya masa. Na hedset shi ne TSO-C139, na Turai kuma hukumar EASA ke bayarwa da sunan ETSO-C139. Ba wai tambarin daɗin sauti bane, akwai masu daɗi sosai da matuƙan ƙananan jirage ke yabo waɗanda basu da shi, abin da yake nufi an gwada shi da zafi da sanyi da jijjiga da sauransu kuma ya jure. Kamfanoni da yawa sun rubuta a littafinsu cewa sai mai tambarin, in naku haka ya ce toh magana ta ƙare.

Haɗin gambizar da kake faɗa akwai shi kuma akwai masu aiki da shi, amma ga tambaya ɗaya da zaka yi kafin komai, in batir ya mutu me zai faru? Hedset ɗin jirgi na gaskiya in batirinsa ya ƙare kashe ƙarar ne kawai zai tsaya, rediyo na nan kana ji. Wasu hedfon na waƙa kuwa ɗif suke ɗaukewa. Sannan makirfon nan ba naka bane kai kaɗai, ta cikinsa na'urar naɗar murya ta jirgin ke ɗaukar maganarka, shi ya sa dokar Amurka ta ce a ƙasa da ƙafa 18,000 dole matuƙa su yi magana ta makirfon hedset a jiragen da ke da irin wannan naɗin, a Turai kuma ƙasa da ƙafa 10,000 ko tsayin da ake sauya saitin altimita, wato na'urar auna tsayi, duk wanda ya fi sama. Araha dai ba ta ado.

Tambaya: Ranka ya daɗe ni ATR 72 nake tuƙawa, in na sauka kunnena har ƙugi yake da daddare. Ina so in koma mai ANR, wato mai kashe ƙara da lantarki, amma tsoro nake kar ya kashe min ƙarar da ya kamata in ji, kamar gargaɗi ko canjin kukan inji. Gaskiya ne yana ɓoyewa? Daga matuƙin jirgi mai farfela.

Amsa: Kai ne ma ANR aka yi dominka, bari in ɗan tsaya anan don mutane na sayen abin basu san yadda yake aiki ba. Hanya biyu ake tare ƙara. Ta farko toshewa ce kawai, kofi mai kauri da soso da matsewa, irin David Clark H10-13.4 da aka rubuta masa rage desibel 23 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), wannan ta fi ƙarfi akan siririyar ƙara mai tsini. Ta biyu ita ce ANR, a cikin kofin akwai ɗan mitsitsin makirfo da ke sauraron hayaniyar da ta shigo, sai na'urar ta ƙirƙiro kishiyarta sak, inda wancan sautin ya tura iska wannan ya ja, su haɗu su cinye juna kafin su kai dodon kunne. Kuma wannan dabarar ta fi cin ƙara mai kauri wadda ke maimaita kanta ba canji. To duba jirginka, farfelar ATR 72-600 fiffike 6 gare ta, lokacin tashi tana juyi 1,200 a minti, ka lissafa zakaga sau 120 kenan a daƙiƙa ɗaya ake dukan iska. Wannan kaurin shi ne wanda soso baya iya tarewa da kyau, ratsa shi yake har cikin ƙashin kai, kuma shi ne abincin ANR.

Abin ma asalinsa daga jirgi ne. A 1978 Amar Bose, malami a jami'ar MIT, yana dawowa daga Turai a jirgin fasinja aka bashi hedfon, ƙarar inji ta hana shi jin komai, tun a kujerar ya fara lissafi a takarda. A Disambar 1986 da Dick Rutan da Jeana Yeager suka zagaye duniya a jirgin Voyager kwana 9 ba sauka ba shan mai, na gwaji suka sa don kar su kurmance, sai 1989 aka fara sayar wa matuƙa.

Gargaɗin jirgi kuwa, ƙararrawar wuta da muryar da ke cewa ka ja sama da sauransu, sautinsu ya fi siriri kuma zuwa suke bagatatan, ba irin wanda ANR ke cinyewa bane sosai, sau da yawa ma ka fi jinsu tunda an ɗauke gurnanin da ke danne su. Amma tsoronka ba shirme bane, FAA da kanta a 2007 ta fitar da sanarwa tana jan hankalin kamfanoni da matuƙa su gwada su tabbatar ana jin duk sautukan da ya kamata a ji da irin wannan hedset ɗin, tunda ba duka aka yi su iri ɗaya ba. Ka yi hakan, a ƙasa lokacin gwajin ƙararrawa ka sa shi a kunne ka ji. Kukan inji zai canja maka na 'yan kwanaki, daga baya kunne ya saba da sabon kukan kuma in wani abu ya sauya zaka gane. Kai dai ka ɗauki mai rufe kunne duka, irin su A30 ko DC ONE-X na David Clark, 'yan sirara na matuƙan jet ba naka bane. Sannan batir AA biyu na ajiya su zauna a jakarka kullum, Bose na cewa biyun na kai awa 45 amma ranar da zai mutu baya sallama. Ƙugin nan na dare kuma ka faɗa wa likitanku, kar ka jira ranar gwajin lafiya.

Tambaya: Salam Kyaftin, ni mace ce ina tuƙa babban jirgi tafiyar awa goma har fiye, kuma ina sa tabarau. Duk hedset ɗin da na sa bayan awa uku tsakar kaina da bayan kunnena kamar ana soka min allura, har ciwon kai nake sauka da shi. Me zan yi? Daga 'yar'uwarku.

Amsa: Sannu ƙanwata, wannan ciwon duk mai tabarau ya san shi. Abu biyu ke faruwa lokaci guda, kofin na danna ƙafar tabarau cikin naman kai, ita kuma ƙafar tana ɗaga soson ta bar 'yar kafa da ƙara ke shiga, kinga ga ciwo ga rashin biyan buƙata, in da 'yan kunne ma abin ya ƙaru. Mafi sauƙi ki fara da tabarau mai siririyar ƙafa shimfiɗaɗɗiya, wani lokacin iyakar maganin kenan.

In bai yi ba, ke da kike jirgi mai shiru kina da zaɓin da mai ATR ɗin can bashi da shi. Akwai masu shiga cikin kunne, ProFlight mai robobi girma uku da ANR, da Clarity Aloft wanda soso ne kawai kike murzawa ki tura, ba batir ba komai, ƙarfensa ta ƙeya yake zagayawa ba ta tsakar kai ba. Akwai kuma masu zama akan kunne ba tare da sun rufe shi ba, irin DC PRO-X2 da su Telex Airman, shi Airman 850 ma ANR ɗinsa daga wutar layin makirfo yake sha, baya cin batir, sai dai rage ƙarar tasa kaɗan ce. Amma fa in gaya miki gaskiya kada ki yi gudun gara ki faɗa gidan zago, akwai mutanen da ramin kunnensu baya ɗaukar komai, awa biyu ya fara ƙaiƙayi da zafi, ni ina cikinsu, na gwada na haƙura. Wasu kuma sun ce tunda suka koma basu ƙara waiwayar mai kofi ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, kuma ba wanda zai gaya miki naki sai kin kwana da shi a tafiya mai tsawo, don haka ki saya inda za a yarda ki maido.

Abu ɗaya da zan roƙe ki, duk wanda kika zaɓa ki tafi da shi simileta, na'urar horo mai kwaikwayon jirgi, ki gwada sa takunkumin iskar oksijin da shi a kanki. Takunkumin an yi shi ne a sa da hannu ɗaya cikin daƙiƙa 5, kuma a ƙafa 35,000 in iskar cikin jirgi ta fice abin da mutum ke da shi na cikakken hankali daƙiƙa 30 zuwa 60 ne. Ba a nan za ki fara gano waya ta sarƙe da tabarau ba.

Tambaya: Mai Bluetooth ko marar shi? Daga wani ɗalibi.

Amsa: In bambancin kuɗin baya damunka ɗauki mai shi, yana da amfani wajen jin sanarwar tablet ɗin aiki ko kiran ofis kuna ƙasa. In kuma waƙa ce a ranka ka cire ta, tun 1981 dokar Amurka ta hana ko hirar da ba ta aiki ba a ƙasa da ƙafa 10,000, a 2014 kuma aka ƙara da hana matuƙan jiragen fasinja amfani da waya ko kwamfuta don harkar kansu suna bakin aiki. Sauran ƙasashe da kamfanoni ma kowa na da irin tasa.

Tambaya: Malam ni na haura shekara 20 ina tuƙi da hedset ɗin kamfani, kunne ɗaya a rufe ɗaya a buɗe, kuma ban taɓa faɗuwa gwajin ji ba. Yaran nan da ke zuwa da kayan tsada ni gani nake ƙarya ce kawai. Ko na yi kuskure? Daga wani tsohon hannu.

Amsa: Allah ya ja da ran yaya, ni ma a haka na tashi, kuma rabin maganarka gaskiya ce, akwai ƙarya a ciki, wani yaron bai iya amsa hasumiya daidai ba amma abin kansa ya fi albashinsa. Sai dai maganar gwajin ce ban yarda da ita ba. Ƙa'idar ICAO, hukumar jiragen sama ta duniya, ta matuƙin jirgin fasinja ita ce kar jinka ya ragu fiye da desibel 35 a sautuka masu kaɗawa sau 500 da 1,000 da 2,000 a daƙiƙa, ko fiye da 50 a 3,000, kowane kunne daban. Ita kuwa ɓarnar da hayaniya ke yi a wajen 4,000 take fara ci, wato sama da inda ƙa'idar ta tsaya, sai ta daɗe tana cin ka a ɓoye kana wuce gwaji lafiya lau kafin ta gangaro. Alamarta ba kurumta bace, a'a, kana jin ana magana amma a cikin taro kalmomin na cakuɗe maka, "s" da "f" da "sh" su zama ɗaya. Ka tambayi mutanen gida ko kana ƙure talabijin, su za su gaya maka gaskiyar da likita bai gani ba. Kuma 'yan gashin nan na can cikin kunne in suka mutu basa sake tsirowa.

Salon kunne ɗaya ɗin ma duka biyun yake cuta, na buɗen yana shan hayaniya tsirara, na rufen kuma kana ƙure masa rediyo don ya rinjayi hayaniyar. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata ke bi shi ne desibel 85 na awa 8, duk ƙarin 3 kuma lokacin ya ragu da rabi, 88 awa 4, 91 awa 2. Babban amfanin ANR a wajena ba shirun bane, rage rediyon da yake sa ka yi ne ba tare da ka sani ba. In intakom ɗin ne baka so, akwai waɗanda in ka ɗan ƙwanƙwasa gefe sau biyu suke buɗe maka kunnen ka ji na kusa da kai. In kuma duk baka so toh aƙalla ka riƙa sa abin toshe kunne in ka sauka zagayen duba jirgi, ƙaramin injin nan na wutsiya da fankokin birki sun fi duk abin da kake ji a sama.

Tambaya: Na hannu fa, a saya? Daga mai ƙaramin ƙarfi.

Amsa: A saya mana, in dai har yanzu ana samun kayan gyaransa. Misali Sennheiser sun yi masu kyau da matuƙan Airbus suka daɗe suna so, amma tun 2016 suka daina yin na matuƙa, ka tabbatar zaka samu soso da waya kafin ka biya. Ka duba wayar a daidai inda ta shiga filogi da inda ta shiga akwatin batir, nan take fara karyewa, ka buɗe gidan batirin ka ga ko ya taɓa zubar da ruwa ya yi fari-fari, ka lanƙwasa sandar makirfon ka sake ta ka ga ko tana tsayawa inda ka bar ta, don makirfo in bai tsaya dab da leɓe ba hasumiya iska kawai take ji. Lambar jikinsa kuma ka tura wa kamfanin su tabbatar, ana buga jabu. Soson kunne da na baki dai ko yaya suke ka cire ka sa sababbi, gumin wani ne a ciki.